Tsatsa ta dawo bayan fenti, kuma mai fentin wan matata ne

Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina ɗaukar fasinja tsakanin Sakkwato da Illela da wata Golf 3 mai dogon baya, 'yar Kwatano. Da ita nake ci da iyalina. Tsatsa ta fara cin gindin ƙofofi da bakin tayoyin baya, sai na tara kuɗi na kai ta garejin wan matata, wanda sana'arsa ke nan, gyaran bodi da fenti. Ana saura mako guda Babbar Sallah na kai, na roƙe shi ya fitar min da ita kafin Sallah saboda lokacin ne ake samun fasinja. Ya ce wasu wuraren sai an yi walda, na ce kuɗina ba za su kai ba, a yi dabara. Ya ce akwai wani ruwan asid mai kashe tsatsa, za a sa. Na biya kashi biyu cikin uku, aka bar ciko sai bayan Sallah. Mota ta fito tana ƙyalli. Damina ba ta ƙare ba fenti ya fara yin ƙuraje a daidai wuraren da aka gyara. Da na matsa wa yaron garejin sai ya gaya min shi ya shafa ruwan da tsakar rana a kan tsatsar yadda take, yana bushewa suka ɗora fila, wato ƙullin da ake cike ramukan bodi da shi kafin fenti. Na yi wa Yaya magana, ya ce, "Ai magani munka sa, motakka ta tsuhwa." Na riƙe cikon kuɗin, shi kuma ya daina amsa gaisuwata yadda ya saba. Matata ta shiga damuwa, mahaifiyarsu ta fara tambaya. Abokaina sun ce in sayo ruwan in shafa da kaina in huta, wani ma ya ce ruwan batir ya fi ƙarfi. Shin ruwan ne na bogi ko aikin ne ba a yi daidai ba? In biya shi cikon, ko in ce ya dawo min da kuɗina?

Wani direba, daga Sakkwato

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a nema, ya kiyaye hanya. Na fahimci abin da ke cin ranka, kuma ba fentin kaɗai ba ne. Da bare ne ya yi maka wannan aiki, da tuni kun yi ta ta ƙare, ko ya gyara ko ka canza gareji. Amma wan mata ba abokin wasa ba ne kamar ƙaninta, mutum ne da kake jin nauyinsa, ga shi duk maganar da ka faɗa masa sai ta zagayo ta shigo ɗakinka. Shi ya sa kake haɗiye magana, shi kuma yake haɗiye gaisuwa.

Kafin komai, ka rabu da shawarar ruwan batir, kada ma ka bari ta kwana a zuciyarka. Asid ɗin da ke cikin batir salfurik ne, ba ya bambance tsatsa da lafiyayyen ƙarfe, duka yake ci. Yana kwarara cikin ninkin ƙarfe, wurin da hannu da ruwa ba sa kaiwa, ya zauna can yana aiki bayan an rufe da fenti. In kana son shaida, ɗaga batirin kowace tsohuwar mota ka dubi mazauninsa, za ka ga yadda ya rube. Haka ma asid ɗin da ake wanke tayil da masai da shi. Zai haskaka maka ƙarfe nan take har ka ji daɗi, kafin gari ya waye ya yi ja fiye da da.

Shi kuwa ruwan da Yayanku ya ambata, abu ne na gaskiya, masu sana'a suna amfani da shi a ko'ina cikin duniya. Sai dai an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, kuma gishiri yana ƙara mata sauri. Ba ta da ƙarfi, tana da ƙofofi, tana shan ruwa ta riƙe, sannan tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga cikinsa ninki da dama. Wannan kumburin ne ke ɗaga fenti ya yi ƙurajen da kake gani. Aikin ruwan shi ne ya haɗu da jar tsatsar ya mayar da ita wani baƙin abu mai kama jiki, wanda ba ya ci gaba da yaɗuwa, har a samu a ɗora fentin ƙasa a kai, wato fentin farko da ake shimfiɗa wa ƙarfe kafin a fesa mai launi.

Iri biyu ne aka fi samu a shagunan kayan fenti. Akwai mai ruwa-ruwa, sau da yawa kore ko garau, wanda asid ɗin fosforik ne ƙashin bayansa. Shi yana mayar da tsatsa baƙa ko ruwan toka, kuma yakan bar wani farin gari a sama idan ya bushe. Akwai kuma mai kauri fari kamar madara, wanda aka haɗa da sinadarin tanin da wani danƙo. Shi idan ka shafa sai ka ga wurin ya fara shuɗi-shuɗi, kafin wani lokaci ya koma baƙi ƙirin. Kai ɗan Sakkwato ne, wannan tanin ba baƙonka ba ne. Shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fatar jar akuya da ita, kuma duk wanda ya san majema ya san idan ruwan bagaruwa ya taɓa ƙarfe baƙi yake komawa. Abin da ke faruwa a jikin motar ke nan, kamfani dai ya auna ya zuba a kwalba.

To ga inda gizo ke saƙar. Kowanne daga cikinsu bakin tsatsar da ya taɓa kawai yake juyawa, siririn sama-sama. Idan tsatsar ta yi ɓawo-ɓawo, irin wadda za ka sa farce ka ɓamɓaro, ruwan zai baƙanta samanta ya bar ƙasanta ja da ranta. Ido zai ga baƙi ya ce an gama, alhali an yi mata murfi ne kawai. Don haka ƙa'idar farko ita ce a kankare, a gurje da burushin waya da injin gurza da samfefa har sai ƙarfe ya fito fari, abin da ya rage sai ɗigo-ɗigon tsatsa a cikin ƙananan ramukan da inji ba ya iya shiga. Waɗannan ramukan su ne aikin ruwan. Yaron ya ce a kan tsatsar yadda take ya shafa, ka ga tun nan aiki ya karkace.

Sai maganar tsakar rana. Ruwan yana aiki ne muddin yana jiƙe, da ya bushe aikinsa ya tsaya. Yawancin masu yin sa suna rubuta a jikin kwalba cewa a shafa a inuwa, a yanayin da bai gaza digiri 10 ba kuma bai wuce wajen 30 da 'yan kai ba. Mu kuwa a Sakkwato, daga Maris zuwa farkon damina zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle ƙofar motar da ta wuni a rana, wadda ko tafin hannu ba ka iya ɗorawa. A irin wannan ƙarfe, kafin yaro ya mayar da burushi cikin gwangwani wurin ya bushe. Bushewar da suka gani suka ɗauka alamar an gama, ita ce alamar ba a fara ba.

Na uku shi ne ɗora fila a ranar. Fila tana son ƙarfe mai tsabta da aka karce, ko kuma fentin ƙasa na efoksi, wani nau'i mai kama ƙarfe gam ya tare ruwa. Ba ta shiri da ragowar asid, ba ta kama farin garin nan da kyau, kuma ita kanta tana shan ruwa idan ta samu kafa. Idan aka cusa ta a rami maimakon walda, bayanta yana buɗe ta cikin ƙofa, duk ruwan da ya gangaro daga gilashi a kanta zai sauka. Kamar a yi wa jiƙaƙƙen bangon laka yaɓen siminti ne, daga waje sumul, damina ɗaya sai ya saki. Don haka amsar tambayarka ta farko ita ce, ko da ruwan na gaske ne daga kamfani mai kyau, da wannan tsari sakamakon ɗaya ne. Akwai jabu a kasuwa, ba musu, amma ba ka bukatar jabu kafin ka fahimci abin da ya sami motarka.

Kada dai ka tsaya a kan maganata ko ta yaron, motar da kanta za ta ba da shaida. Ka samu ƙurji ɗaya a gindin ƙofa ka fasa shi da bakin wuƙa. Idan ruwa ya fito ko ka ga farin gari a ƙarƙashi, mai yiwuwa ragowar asid ce aka rufe ba a goge ba, ta ja laima. Idan ka ga baƙin ɓawo, ka ɓamɓare shi ka tarar da ja a ƙasa, ba a kankare ba ne. Idan kuwa ka danna sukudireba ta shige ta fita ta ɗaya gefen, to daga ciki tsatsar ta ɓullo, kuma babu ruwan da zai mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi. Ka kuma ɗauki ɗan maganaɗisu, irin na tsohuwar sifika, ka naɗe shi da ƙyalle ka bi jikin motar. Inda ya kama, ƙarfe na kusa. Inda ya saki, fila ce ta yi kauri. Fila ta gyaran fuska ce, bai kamata ta wuce 'yan milimita ba. Wannan gwajin nake so ka yi, amma a gaban Yaya, ba a bayan idonsa ba. Zan dawo kan wannan.

Yanzu mu raba laifi, don in ba a raba shi da adalci ba sulhu ba zai zauna ba. Yayanku yana da kaso, kuma ba ƙarami ba. Shi ne mai sana'a, shi ya san abin da ya dace. Ya bar wa yaro aikin da ke bukatar ido, bai duba ba, ya bari aka rufe. Da ya ga lokaci da kuɗi ba za su isa aikin kirki ba, hakkinka ne ya ce maka, "Zan yi maka kwalliyar Sallah, amma ba za ta wuce damina ba." Da ka shiga da saninka. Cewa da ya yi mota ta tsufa ba amsa ba ce, tsohuwa ya karɓa, ya kuma karɓi kuɗi a kan zai gyara ta.

Amma kai ma, ɗan'uwa, ka sake karanta wasiƙarka. Ya ce maka sai an yi walda, ka ce a yi dabara. Ka ba shi mako guda a lokacin da kowane gareji yake cike da masu son fita Sallah da sabuwar fuska. Aikin tsatsa kuwa jira ne ya fi yawa a cikinsa, a kankare, a shafa, a jira, a goge, a sa fentin ƙasa, a sake jira. Ba ina cewa ka yi laifi don ba ka da kuɗi ba, kowa ya san halin da ake ciki da tsadar mai da kayan gyara. Ina nuna maka ne cewa mutumin ya faɗi gaskiya da farko, sai kunyar suruki ta hana shi tsayawa a kanta. Ina kyautata zaton da baƙo ne ya zo masa da wannan sharaɗi, da ya ce ya kai gaba. Kai ne bai iya mayarwa ba.

Ita ma motar tana da nata kason. An daina ƙera Golf 3 tun kafin shekarar 2000, kuma kafin ta sauka tashar jiragen ruwan Kwatano ta yi shekaru a Turai, inda ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Wannan gishirin yana maƙalewa a ninkin bakin taya da gindin ƙofa, ya yi ta aiki daga ciki. Shi ya sa za ka ga motar da ta tashi a nan Arewa fentinta ya ƙone da rana amma ƙarfenta lafiya, ita kuwa 'yar Kwatano fentinta da kyau, ƙarƙashinta na rubewa. Sakkwato ba garin tsatsa ba ne, ruwanmu 'yan watanni ne, daga Yuni zuwa Satumba. Abin da ta zo da shi ne yake tashi idan ya ji laima.

Yaron garejin kuwa, ka rufa masa asiri. Ya gaya maka gaskiya da ya ga ka matsa, kuma abin da aka nuna masa ya yi. In ka ce "yaronka ya ce", shi za a huce a kansa, wataƙila ya rasa wurin koyon sana'a, kai kuma ba abin da ka ƙaru da shi. Ƙurjin da za ku fasa ya ishe ka hujja.

Game da kuɗi, ban ga hikimar neman ya dawo maka da abin da ka biya ba. An sayi fenti da tina, wato ruwan tsinka fenti, da fila da kuɗin, an fesa mota gaba ɗaya, kuma yawancin jikinta lafiya yake, wuraren tsatsar ne suka lalace. In ka ce a dawo da kuɗi ka buɗe shari'ar da ba mai cin ta, kuma ko an ba ka ba za su kai ka wani gareji ba. Haka nan riƙe cikon shiru ba tare da bayani ba kuskure ne. Kai a wurinka hakkinka kake karewa, shi a wurinsa mijin ƙanwarsa ne ya cinye masa kuɗin aiki. Ina jin wannan ne ya fi ɓata masa rai, ba maganar tsatsar ba. Abin da za ka nema shi ne a sake aikin wuraren da suka kumbura bisa ƙa'ida. Ladan hannu a kansa, tunda aikinsa ne ya samu tangarɗa. Kuɗin walda da ƙarfen da za a yi faci da shi a kanka, tunda kai ka ce a tsallake su. Fentin da za a sake saya ku raba, ko a cire daga cikon. Ranar da aka gama ka miƙa masa abin da ya rage cif, ba sai ya tambaya ba.

Yadda za ka kai masa maganar ya fi maganar kanta muhimmanci. Kada ka same shi a gareji gaban yaransa da abokan cinikinsa, mai sana'a ba ya amsa kuskure a inda yake oga. Ka je gidansa bayan Magariba ko ranar Juma'a da yamma, ku gaisa sosai, ka fara da naka. Ka ce, "Yaya, kun ce a yi walda ban ji ba, ga shi maganarku ta fito. Ku zo mu duba tare ku ga abin da za a yi." Ba ƙarya ka yi ba, kuma ka buɗe masa ƙofar da zai shigo ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Sannan ka gaya masa a fili cewa cikonsa yana nan a ajiye, ba ka ci ba. Ka miƙa masa wuƙar shi ya fasa ƙurjin da hannunsa. Wanda ya shekara yana wannan aiki, da ya ga abin da ke ƙasa ya san me ya faru, ba sai ka yi masa karatu ba.

Matarka kuma ka fitar da ita daga ciki. Kada ka aike ta da saƙo, kada ka sa ta zaɓi tsakanin mijinta da wanta, kada kuma ta riƙa jin kana zaginsa da abokai a ƙofar gida. Ka gaya mata magana ɗaya, cewa batun aiki ne tsakanin maza kuma kun kusa daidaitawa. In surukarka ta tambaye ka, ka ce mata ba komai Inna, gyara ne ya rage, za mu ƙarasa. Da zarar iyaye mata sun ɗauki maganar, ta tashi daga ta mota ta koma ta "ya raina mu".

Idan ya yarda, ga tsarin da za ka tsaya a kai, ka kuma samu wuni ɗaya ka zauna a garejin ranar da za a buɗe wuraren. A wanke da sabulu a cire maiƙo tukuna, don asid ba ya ratsa man inji ko giris. A gurje fenti da fila duka, a wuce iyakar ƙurajen da kamar faɗin yatsu uku, domin tsatsa tana tafiya a ƙarƙashin fentin da ido ke ganin lafiyayye ne. Duk inda ya huje ko ya yi laushi a yanke a sa sabon ƙarfe a yi walda, kuma walda kafin asid, ba bayansa ba. A bakin tayar baya a kula da tankin mai da bututunsa kafin a kunna wuta. Sai a shafa ruwan siriri a ramukan da suka rage, da sassafe, a inuwa, ƙarfe na da sanyi. A zuba kaɗan a wani mazubi a yi aiki da shi, kada a riƙa tsoma burushi mai tsatsa a cikin kwalbar, yana kashe sauran.

Daga nan sai a bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar, don ba duka hanyarsu ɗaya ba. Mai ruwa-ruwan, wasu kamfanonin suna cewa a bar shi jiƙe na wasu mintuna ana gogawa, sannan a wanke a busar nan take, wasu kuma a bar shi ya kwana a kakkaɓe farin garin. Ko wanne ne, kada a rufe wurin alhali yana danƙo ko yana da gari. Mai kama da madarar kuwa yawanci yana son awa 24 ko fiye kafin a ɗora masa wani abu, kuma ya fi dacewa da ƙarƙashin mota da cikin but da bayan ƙofa. A fuskar mota inda ake son sheƙi, ni na fi son a gurje har ƙarfe ya yi fari a rage dogaro da shi. Sannan a duba ko fentin ƙasan da za a sa yana shiri da wurin da aka yi wa asid, domin wasu nau'o'in efoksi ba sa kamawa in akwai ragowarsa, kuma akwai fentin ƙasa mai asid a cikinsa wanda ba a ɗora masa fila. Mai shagon da ya san kayansa zai gaya muku wanne ke tafiya da wanne. A sa fentin ƙasa da zarar wurin ya shirya, kada a bar ƙarfe tsirara ya kwana. Fila ta biyo baya, siririya, a goge ta a bushe ba da ruwa ba.

Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne bayan ƙarfen. A cire murfin ƙofa na ciki, a share ƙasar da ta taru a gindi, a buɗe 'yan ramukan da kamfani ya yi don ruwa ya fita, waɗanda sau da yawa fila da fenti ke toshewa. A fenta bayan facin, a fesa kakin kariya ko ko da man inji mai tsabta ne a cikin ninkin. In ba a yi wannan ba, ko wane gwani ne ya yi fuskar, daga baya za ta sake ɓullowa.

Ka sa baki kuma a ba yaron safar hannu ta roba da tabarau. Asid ɗin fosforik bai kai na batir zafi ba, amma in ya faɗa ido sai an yi ta wankewa da ruwa mai yawa na kamar minti 15 a wuce asibiti. Kada a juye ragowar a robar lemo ko ta ruwan sha. Koren ruwa a robar lemo, a garejin da almajirai da 'yan talla ke shiga da fita, kai ma ka san abin da ake gudu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, iska ta bushe kuma ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. In aikin ya kai cikin hunturu, bushewar iskar alheri ce ga ƙarfe, ƙurar ce matsalar fentin sama, sai a fesa a rufaffen wuri a yayyafa ruwa a ƙasa. Ba dole ne ka ajiye motar mako biyu ba. Ku yi gefe ɗaya a wannan mako, ɗaya gefen a wani, ka zaɓi ranakun da fasinja ke da sauƙi, ka kauce wa ranar kasuwar Illela. Yawo da ƙofa mai launin toka na 'yan kwanaki ba abin kunya ba ne, sai dai kada ya daɗe, don fentin ƙasa na gama-gari shi ma yana shan laima.

In kuwa ya ƙi, ya tsaya a kan cewa shi ya gama aikinsa, kada ka ja. Ka samu dattijo ɗaya da yake jin maganarsa, ko shugaban masu sana'arsu a wurin, ya dubi motar ya yanke abin da za a cire daga cikon. Abin da aka yanke ka biya a wuce wurin, ka kai motar wani gareji ba tare da ka yi shela ba, ka ci gaba da gaishe shi ko ya amsa ko bai amsa ba. Ba na ba ka shawarar kai wan matarka ofishin 'yan sanda ko kotu a kan gindin ƙofa.

Batun ka shafa da kanka kuma, shafa ruwan a kan fentin da ya kumbura ɓarnar kuɗi ce, ba zai kai ga tsatsar ba, zai dai ɓata launin. Abin da za ka iya yi da hannunka kafin a samu lokacin gyara shi ne cikin but, ƙarƙashin kafet da mazaunin safaya, wuraren da ba a neman kyau. Ka ɗaga kafet ɗin ka duba ko yana jiƙe, ka kankare, ka shafa mai kama da madarar, ka ba shi kwana ɗaya, ka rufe da fentin mai. Ka duba robobin gilashi da na ƙofa, ranar Sakkwato tana fasa su, ta nan ruwa ke shiga. Ka hana masu wanki cusa tiyo cikin mota. In za ka ɗauko buhun gishiri ko takin zamani ko dabba a baya, ka shimfiɗa leda mai kauri, don waɗannan ukun suna cin ƙarfe fiye da ruwan sama. Ƙurajen waje kuwa kada ka farfasa su duka yanzu ka bar su a buɗe. Ɗaya za ku fasa, ranar da ka je wurin Yaya, sauran su jira ranar da za a gurje.